Barzillai, Tsoho Mai Shekara 80

Karatu: 2 Sama'ila 17:27-29 da 19:31-40
Ayar haddacewa: Littafin Firistoci 19:32

Akwai wata al'ada da ta yi saiwa cikin ikkilisiyoyi masu sujada da Hausa, wadda mutanen dā ba su san ta ba. Sa'ad da uba ko uwa suka cika shekara 70, ko 80, ko 90, sai 'ya'ya su sa rana. Na Legas ya zo, na Abuja ya zo, 'yar da ta ke aure a Fatakwal ta taho da yaranta, wanda ya ke Ingila kuwa ya aiko da kuɗi in bai sami zuwa ba. A ɗinka anko, a yi sujadar godiya da safe, Zumuntar Mata ta yi waƙa, da yamma kuma a kafa rumfa a ƙofar gida a ci a sha. Waɗansu dattawan ikkilisiya suna ganin abin da kyau, waɗansu kuwa suna cewa al'adar duniya ce ta shigo mana. Akwai gidajen da irin wannan biki ya haɗa kansu bayan an daɗe ba a ga-maciji, akwai kuma waɗanda aka tashi da bashi da ɓacin rai. Saboda haka ya kamata mu ga abin da Maganar Allah ta koya.

Ko Littafi Mai Tsarki ya hana?

Masu hanawa suna da hujja, bai kuwa kamata mu raina ta ba. Sau biyu kaɗai Littafi Mai Tsarki ya ba da labarin bikin ranar haihuwa a fili, dukansu kuwa da jini suka ƙare. Fir'auna ya yi wa fadawansa biki, ya mai da mai shayarwa ga aikinsa, ya rataye mai tuya (Farawa 40:20-22). Hirudus ya tara manyan Galili, kafin a watse an kawo kan Yahaya Maibaftisma cikin akushi (Markus 6:21-28). Tun cikin ƙarni na 3 Orijen, malamin ikkilisiya na Iskandariya, ya lura da wannan, ya ce miyagu ne kaɗai Littafi ya nuna suna murnar ranar haihuwarsu.

Amma ku duba da kyau. Abin da ya kashe Yahaya shi ne ƙiyayyar Hirudiya, da rantsuwar wauta, da kunyar da Hirudus ya ji ta baƙinsa. Ranar ba ta da laifi. Ba wata doka da ta hana, ba kuma wadda ta umarta. Wannan yana cikin al'amuran da Bulus ya yi magana a kansu a Romawa 14:5-6, inda ya bar wa kowa ya tabbata a zuciyarsa, muddin saboda Ubangiji ya ke yi. Gidan da suka yi kada su raina gidan da ba su yi ba, waɗanda ba su yi ba kuma kada su hukunta.

Ƙidayar shekaru kuwa, Littafi cike ya ke da ita. Musa yana da shekara 80, Haruna 83, sa'ad da suka tsaya gaban Fir'auna (Fitowa 7:7). Saratu ta rasu tana da 127 (Farawa 23:1), ita ce kaɗai macen da aka faɗi shekarunta a ranar mutuwarta. Zabura 90 ta sa iyakar ran mutum a 70, ko 80 ga mai ƙarfi, sa'an nan ta roƙi Allah ya koya mana lissafin kwanakinmu domin mu yi hikima. A Nijeriya, in aka haɗa da yaran da su ke mutuwa tun suna ƙanana, matsakaicin tsawon rai bai kai shekara 60 ba. Wanda ya kai 80 a ƙasar nan ya tsere wa ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro, ya ga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya binne yawancin sa'o'insa. Lalle akwai abin godiya.

Iyaye da yawa ba su san ranar haihuwarsu ba, gama ba a rubuta ba. Kada wannan ya zama abin gardama. A tambayi tsoho girmansa sa'ad da sojoji suka komo daga Bama bayan yaƙin duniya da ya ƙare a 1945, ko sa'ad da rana ta yi husufi a 1947, ko da Sarauniyar Ingila ta zo a 1956, ko ranar samun mulkin kai a 1960. Ta haka za a kusanci gaskiya. Tambayar kanta ma riba ce, gama sau da yawa daga nan ne jikoki za su fara jin labarin da ba su taɓa ji ba.

Mutumin Rogelim

Yanzu mu komo ga karatunmu. Absalom ya tayar wa ubansa, Dawuda ya gudu daga Urushalima ba shiri, ya haye Urdun ya sauka a Mahanayim tare da jama'a masu yunwa da gajiya. Mutum uku suka tarye shi da guzuri: Shobi, da Makir, da Barzillai mutumin Gileyad daga Rogelim. Ku karanta abin da suka kawo a hankali: shimfiɗu, da daruna, da tukwane, alkama da sha'ir da gari, soyayyen hatsi, wake, zuma, madara, tumaki, da cuku. Wanda ya shirya wannan kaya ya san abin da gudun hijira ya ke bukata, har bai manta da wurin kwana da abin wanka ba. Ku tuna kuma a lokacin ba wanda ya san wanda zai ci yaƙin. Da Absalom ya yi nasara, da ran tsohon nan yana cikin hatsari. Sunansa ya fito daga kalmar Ibrananci mai ma'anar baƙin ƙarfe, ya kuwa ci sunansa.

Da yaƙi ya ƙare, sarki zai koma gida, Barzillai ya gangaro domin ya raka shi zuwa mashigin Urdun. A nan Dawuda ya yi masa tayin da ya fi kowane girma a hannun sarki, watau ya zo Urushalima ya zauna a fada, sarki ya ciyar da shi. A Ibrananci kalmar ciyarwa da Dawuda ya yi amfani da ita a aya 33 ita ce aka faɗa a kan Barzillai a aya 32, ita ce kuma aka faɗa a kan Yusufu sa'ad da ya riƙe ubansa a Masar (Farawa 47:12). Dawuda yana so ya rama alheri da irinsa, kamar yadda ɗa ya ke yi wa uba. Niyyarsa ba ta da aibi ko kaɗan.

Duk da haka tsoho ya ƙi. Ya kamata kowane ɗan da ya ke shirin biki ya zauna a kan amsarsa, gama ba wani wuri a Littafi inda tsoho ya bayyana halin tsufa da bakinsa a fili kamar nan. Ya fara da tambayar kwanakin da suka rage masa. Ya faɗi shekarunsa, 80. (Ya ce a yau ne ya ke da su, amma kada mu ɗora wa kalmar abin da ba ta ɗauka ba, nufinsa yanzu ne, ba lalle ran nan aka haife shi ba.) Ya ce bakinsa ba ya rarrabe ɗanɗanon ci da sha. Ya ce kunnensa ba ya jin muryar mawaƙa, maza ko mata. Abinci da kiɗa su ne daɗin fada, su ne kuma daɗin bikinmu. Barzillai bai zarge su ba, cewa ya yi sun wuce shi.

Ku sa wannan kusa da abin da mu ke gani. An zaunar da tsohuwa a kujera mai tsawo tun tsakar rana, cikin sabon zane mai kauri da ɗaurin kai mai nauyi. Lasifika tana kusa da kunnenta, janareta yana ruri a bayanta. An tara soyayyen nama wanda ba ta da haƙoran ci, an kawo kek mai zaƙi alhali likita ya hana ta sukari. Manyan baƙi suna jawabi da Turanci, abokan aikin ɗanta ne, ba ta san ko ɗaya ba. Ƙawarta ta ƙuruciya, wadda suka yi baftisma rana ɗaya, tana can baya ba wanda ya ba ta wurin zama. Hotonta yana kan kalanda da kofuna da bokitai, amma har aka tashi ba wanda ya tambaye ta ko tana so ta faɗi wani abu. To, bikin wa aka yi?

Abu biyu Barzillai ya roƙa. Na fari, a bar shi ya koma garinsu, ya mutu kusa da kabarin ubansa da uwarsa. Mutum mai shekara 80, mai dukiya da jikoki, har yanzu yana tunanin kansa ɗan wani ne. 'Ya'yan da su ke zaune a birni su lura da wannan. Yakan faru a ƙarshen biki a yi shawara a ɗauke tsoho zuwa Abuja ko Legas, inda akwai asibiti da fanka. Wani lokaci dole ne, in ba mai jinya a gida. Amma wanda aka raba da gonarsa, da inuwar da ya saba zama, da ikkilisiyar da aka san sunansa, aka kulle shi a bene yana kallon talabijin cikin harshen da ba ya ji, an ba shi Urushalima ke nan alhali Rogelim ya ke so. A tambaye shi tukuna.

Na biyu, ya roƙa a ba Kimham abin da aka so ba shi. Ba a faɗa a nan ko wane ne Kimham ba, amma tun da ya ke 1 Sarakuna 2:7 ta ambaci 'ya'yan Barzillai, yawancin masu bincike sun ɗauka ɗansa ne. Zuciyar tsoho tana kan na baya. Sau da yawa abin da zai faranta wa kaka rai fiye da sa da aka yanka shi ne ta ji an biya kuɗin makarantar jikanta maraya, ko an sama wa autanta sana'a.

Ga kuma inda girman Dawuda ya bayyana. Sarki ne, a gaban jama'a aka ƙi kyautarsa, amma bai ji haushi ba, bai kuwa matsa ba. Barzillai ya ce sarki ya yi wa Kimham abin da sarki ya ga dama. Dawuda ya juya maganar, ya ce abin da Barzillai ya ga dama shi za a yi (aya 37 da 38). Ya sumbace shi, ya sa masa albarka, ya sallame shi. Ya bar tsoho ya zaɓi irin girman da za a ba shi.

Kada fa mu mai da dukan tsofaffi Barzillai. Kalibu yana da shekara 85 sa'ad da ya zo wurin Joshuwa a Gilgal, ya lissafta shekara 45 da Ubangiji ya kiyaye shi tun ranar leƙen asirin ƙasa, ya ce ƙarfinsa yana nan, a ba shi ƙasar tuddai ta Hebron inda Anakawa su ke (Joshuwa 14:6-14). Da Joshuwa ya ce masa ya je ya huta, da ya ci mutuncinsa. Akwai tsohon da ya ke son taro da ganga, yana so ya tashi ya taka rawa a gaban jikokinsa. A bar shi ya taka. Ba za ku san ko Barzillai ne ubanku ko Kalibu ba sai kun tambaya, kun kuma yi haƙuri kun ji amsa, gama tsoho mai kunya yakan ce kome aka yi daidai ne.

Nauyi

Cikin maganar Barzillai akwai kalma ɗaya mai ban tausayi. Ya ce ba ya so ya zama wa sarki kaya. Wannan tsoro yana zuciyar tsofaffi da yawa, shi ya sa su ke ɓoye ciwo, su ce sun ƙoshi alhali ba su ci ba.

Doka ta biyar ta amsa wannan tsoro. Kalmar da aka juya da girmamawa a Fitowa 20:12 ita ce kabbed, tushenta kuwa nauyi ne. A nan Hausa ta taimaki mai juya Littafi fiye da harsuna da yawa, gama mukan ce muna jin nauyin mutum, mukan kuma ce mun ɗauki nauyinsa. Dokar ta ƙunshi duka biyu. Wanda ya durƙusa ya gai da ubansa amma bai san abin da uban ya ci jiya ba, rabin doka ya kiyaye. Wanda kuma ya ke aiko da kuɗi kowane wata amma yana yi wa uwarsa tsawa kamar yarinya, shi ma rabi ne. Ku lura kuma, ba ga yara ƙanana kaɗai aka ba da dokar nan ba. An faɗe ta ga taron Isra'ila, ga magidanta waɗanda iyayensu suka tsufa. Domin kada wani ya ce uba ne kaɗai, a Littafin Firistoci 19:3 uwa aka fara ambata.

Ubangijinmu Yesu ya tsauta wa Farisiyawa a kan wannan (Markus 7:9-13). Mutum yakan ce abin da zai taimaki iyayensa da shi ya zama Korban, watau keɓaɓɓe ga Allah, da haka ya kuɓuce wa hakkinsu da sunan ibada. Sai mu yi hankali kada sujadar godiya ta zama mana Korban. Yana yiwuwa a kai babbar baiko gaban ikkilisiya, a yi shelar sunan iyali, alhali kwanon ɗakin tsoho yana yoyo, maganin hawan jininsa ya ƙare tun watan jiya, yanar idon da likita zai iya cirewa ta hana shi karanta Littafinsa. Fasto da dattawa suna da iko su yi wannan tambaya a asirce kafin su sa ranar godiya, ya kuwa kamata su yi. Bulus ya ce kula da iyaye biyan bashi ne, shi ne kuma makarantar fari ta ibada, wanda ya ƙi kuwa ya fi marar bangaskiya muni (1 Timoti 5:4, 8). Magana ce mai zafi, amma haka ta ke a rubuce.

A kan kuɗin biki, magana kaɗan ta isa. Kada a ci bashi. Kada a yanka wa kowa kuɗi daidai, gama malamin firamare da ɗan kasuwa ba ɗaya ba ne. A tuna da wadda ta zauna a gida shekara da shekaru tana wanki da jinya, ko 'ya ce ko matar ɗa. Ta riga ta biya fiye da kowa, ko da ba ta da ko kwabo. Abin kunya ne a ranar biki a yabi wanda ya sayi sa, ita kuwa tana bayan gida tana wanke tukwane.

Sa'ad da zuriya ta taru

Zumunta a ƙafa ta ke. A gidaje da yawa ba abin da ya ke tara dangi duka sai jana'iza, a ranar kuwa za a faɗi kyawawan maganganu ga kunnen da ba ya ji. Babbar albarkar bikin nan ita ce a taru tun tsoho yana da rai. Saboda haka kada a cika ranar da hidima har a rasa lokacin zama. Bayan baƙi sun tafi, ko kwana ɗaya kafin su zo, iyali su zauna su kaɗai, a kashe lasifika, a kawo jikoki kusa.

A bar tsoho ya yi magana da harshen da ya ga dama, ko Hausa ko harshen kabilarsa, wani ya juya wa yaran da aka haifa a birni. Ya faɗi sunayen iyayensa da inda suka fito, da yadda bishara ta iso gidansu, da wahalar da aka sha. Wani ya rubuta, ko ya ɗauka da waya. Kada a gyara masa labari. Da Fir'auna ya tambayi Yakubu shekarunsa, ya ce 130, ya ƙara da cewa kaɗan ne, cike da wahala (Farawa 47:8-9). Yusufu yana tsaye, bai hana shi ba. Mutumin da ya binne mata ko 'ya'ya yana da iko ya yi hawaye a ranar murnarsa, godiyar da ta fito tare da hawaye kuwa ba ta kasa wadda ta fito da guɗa ba.

In akwai 'yan'uwan da ba sa magana da juna, ko 'yan uba da su ke jayayya a kan gona, wannan ce ranar da za a sulhunta su, tun mai iya tsawata musu yana nan. Waɗanda iyayensu ba masu bi ba ne, ko Musulmi ne ko masu bin al'adar gargajiya, dokar ba ta ware su ba. A girmama su ta hanyar da za su karɓa, kada a mai da ranar tarko na wa'azi. A kowace ikkilisiya kuma akwai tsohuwar da ba ta haihu ba, ko wadda 'ya'yanta suka riga ta. Ayar haddacewarmu ba ta ce furfurar iyayenku kaɗai ba. Sa'ad da Yesu ya ke kan gicciye ya danƙa uwarsa ga almajirin da ya ke ƙauna, shi kuwa ya kai ta gidansa (Yahaya 19:26-27). Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa su san sunayen irin waɗannan.

Ba a ƙara ba da labarin Barzillai da rai ba bayan ya juya daga bakin Urdun, amma Dawuda bai manta ba. Yana bakin mutuwa ya umarci Sulemanu ya riƙe 'ya'yan Barzillai cikin masu ci a teburinsa (1 Sarakuna 2:7). Bayan shekara wajen 400, a zamanin Irmiya, akwai wani masauki kusa da Baitalami, garin Dawuda, wanda a ke kira da sunan Kimham (Irmiya 41:17). Waɗansu suna tsammani Dawuda ya ba shi wuri daga gādonsa. Cikin waɗanda suka komo daga Babila kuma akwai zuriyar wani firist da ya auri ɗaya daga cikin 'ya'yan Barzillai mata, ya ɗauki sunan gidan (Ezra 2:61).

Ga mai koyarwa: in akwai tsofaffi cikin ajinku, ku ba su wuri su fara magana. Ku tambaye su abin da za su roƙa da su ne a bakin Urdun, ku hana matasa amsawa dominsu. Sa'an nan ku tambayi sauran ko akwai wanda ya san shekarun uwarsa, da sunan kakarta, da maganin da ta ke sha. Kowa ya je wurin tsoho ɗaya cikin makon nan, nasa ko na wani, ya zauna har sai tsohon ne ya sallame shi. Karatun mako mai zuwa: Farawa sura 48.